Masaukin da Na Zaɓa wa Mushe

Shagona yana layin masu gyaran waya, ba nisa da inda motocin kudu ke lodi. Mutum uku in sun tsaya a ciki, sai na huɗu ya jira a waje. Ina canza gilashin waya, ina buɗe wadda mai ita ya manta lambar sirrinta, ina kuma yi wa masu kai baƙi yawon buɗe ido dutsen Assekrem ƙananan shafukan intanet, hoton dutse da raƙumi da lambar da za a kira. Wannan aikin na ƙarshe ne ya sa 'yan Nijar mazauna Tamanrasset ke yi mini kallon masani. Lekkol, wato makarantar boko, ban gama ta ba, amma duk wanda kwamfuta ta rikice masa sai a ce ya je wurin ɗan Maraɗin nan.

Wata Asabar da hantsi wani dattijo ya yi sallama a ƙofa. Siminti ya ci masa tafin hannu, akwai burbushinsa har a gira, ya rungumo wata tsohuwar kwamfuta naɗe cikin dardumar salla. Ban ɗaga kai ba sai da ya sake sallamar, domin tun a ta farko muryar ta shige ni. Shekara ashirin da wani abu rabona da ita, amma na gane ta.

Mushenmu ne na aji uku, a wani gari na ƙasar Maraɗi. A wajenmu haka ake kiran malamin lekkol, mushe, daga bakin Faransawa aka aro kalmar. A ajinsa ba a Hausa. Akwai wani muƙamuƙin jaki da aka zura wa igiya, sambol muke ce masa, duk wanda Hausa ta kuɓuce wa a baki shi zai rataye shi a wuya har wani ya karɓe shi. Wata rana fitsari ya matse ni, na ɗaga hannu, kalmomin da na haddace suka gudu, na ce, "Mushe, fitsari." Bai doke ni ba. Ya rataya mini ƙashin, ya tsayar da ni gaban allo, ya ce zan fita da zarar na roƙa da Faransanci. Na tsaya. Ban san sau nawa na buɗe baki ba. Daga ƙarshe abin ya bi ƙafata ya malala a kan daɓe har ƙarƙashin bencin 'yan mata. Ya toshe hanci ya ce wa aji su duba, jaki ya yi abin da jaki ke yi. Da Hausa ya faɗa, don kada wani ya rasa ganewa, kuma ranar kaɗai na taɓa jin Hausa a bakinsa cikin aji. Sunan da yara suka laƙaba mini bai sake ni ba sai da na bar garin.

Yanzu ga shi a ƙofata, ya rage tsawo, yana cire takalmi kafin ya taka tabarmar shagon.

"Ɗana," ya ce, "an ce kai ne ka san yadda ake ɗora abu a intanet."

Na dube shi sosai, na ba shi lokaci. Babu alamar ya gane ni. A garinmu "ku" ake ce wa dattijo irinsa. Na ce, "Me ka kawo?"

Bai faɗi abin da ya raba shi da alli ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ce shekara huɗu ke nan yana kwaɓa siminti a garin. Abin da ya dame shi kuwa mutanenmu ne da ke mutuwa a nan, wanda ya faɗo daga saman gini, wanda zazzaɓi ya kayar a ɗakin haya, wanda aka tsinto a hanya. Ana binne su a gefe ɗaya na maƙabarta, dutse a kai, dutse a ƙafa, babu rubutu. Mutum ɗaya ne ya san wane ne a ina, wani tsoho ɗan Agadas mai wankan gawa, wanda Tamahaq ne harshensa amma Hausa a bakinsa kamar tamu. Tsohon bai taɓa rubuta komai ba, a kansa ya riƙe su, kuma ya fara tari.

Saboda haka Mushe ya sayi kwamfutar nan a hannun wani mai komawa gida, ya riƙa bin darussa a intanet kowace Juma'a da ba aiki, har ya ƙera abin da ya zo nuna mini. Ya kunna ta. Shafi ne fari, addu'a a sama, ƙarƙashinta wurin da za ka rubuta suna. In ka rubuta, sai ya fito maka da garin mamacin, da hoton kabarinsa, da layin da yake, da na nawa ne daga katanga. Sunaye uku kawai ya sa don gwaji. Na leƙa cikin aikin na ga yadda ya tsara shi, kowane abu a wurinsa, da bayani a gefe kamar yana rubutu a allo. Ya fi nawa tsabta. Wannan ma ya ƙona ni.

"A cikin kwamfutata kaɗai yake zaune," in ji shi. "Ni so nake mace tana Matamaye ta buɗe waya ta ga inda ɗanta yake."

Na ce masa abin yana buƙatar masauki. Akwai kamfanoni a ƙasashen waje masu injina da ba a kashewa, kana ba su shafinka su ajiye, duk mai rezo, wato hanyar shiga intanet a waya, ya iya buɗewa. Gajimare masu sana'ar ke cewa, amma ɗakin wani ne kawai cike da injina. Ya gyaɗa kai, ya ciro ɗan kaye, littafin rubutu irin na 'yan lekkol, daga aljihu ya rubuta. Na ji daɗin ganinsa yana rubuta maganata.

Hanya uku na sani. Akwai masauki na kyauta da ke riƙe shafin da ba ya motsi. A can ba za a iya shigar da suna daga waya ba, sai ya dawo gida ya ƙara a kwamfuta ya sake aikawa, amma ba a share komai, kuma kwafi yana hannunsa kullum. Wannan shi ya dace da shi, tun a minti na farko na san haka. Akwai kuma ɗan injin da nake haya da katin banki domin shafukan masu kai baƙi. Rabinsa ma ban cika ba, aikin Mushe zai zauna a kusurwarsa ba tare da na ji nauyi ba. Sai na uku, wani masauki mai kyan gani, mai sauri, wanda ke ba ka komai kyauta har da ma'ajiyar sunaye da hotuna. Sai dai ma'ajiyar ta 'yan watanni ce. In lokaci ya cika ba ka sa kati ba, ba ka kuma kwashe kayanka ba, za su aiko da gargaɗi, sa'an nan su share.

Na farkon na nuna masa a gurguje ina yatsine, na ce wannan na yara ne masu koyo. Injina ban ambace shi ba sam. Na buɗe na ukun na juya masa fuskar kwamfutar.

"A wannan kana tsaye a bakin kabari za ka ɗauki hoto ka rubuta suna, nan take ya hau."

Idonsa ya yi haske. Ya matso da fuska yana bin rubutun da yatsa. Da Ingilishi aka rubuta komai, shi kuwa duk Faransancinsa bai ba shi ko kalma ɗaya ba. Ni na tsinci abin da zai ishe ni a wurin 'yan Najeriya abokan sana'a. A ƙasan shafin akwai wani layi da jan rubutu. Yatsarsa ta tsaya a kai.

"Wannan jan fa, me yake cewa?"

"Cewa yake kyauta ne."

"Har yaushe?"

"Kyauta dai," na ce.

Ya ce alhamdu lillahi, ashe har yanzu akwai masu alheri a duniya. Da aka zo wurin sa adireshin imel ya fara laluben nasa a cikin kaye, na ce ya bari, nawa ya fi sauri. Na sa nawa. Kafin azahar shafin ya hau. Ya buɗe shi a wayarsa, ya fita waje ya sake buɗewa, kamar nisan taku goma zai canza wani abu. Ya dawo ya kama hannuna da hannayensa biyu masu kaushi ya yi ta sa mini albarka, har da iyayena.

Ba zan ce na zauna na tsara abin da zai biyo baya ba. A ranar abin da nake so kawai shi ne igiyar ta kasance a hannuna. Na ce wa kaina in lokaci ya matso zan kira shi in nuna masa ramin da ya kusa faɗawa, ya roƙe ni, in fitar da shi.

Kowace Juma'a bayan masallaci shi da tsohon sukan tafi maƙabarta. Tsohon na dogara sanda yana nuna kabari yana faɗin suna da gari, wani lokaci har da abin da ya kashe mutumin, Mushe na ɗaukar hoto yana rubutawa a waya. Sukan yi layi ɗaya ko biyu, tari ya tsayar da su. Da farko 'yan kasuwa dariya suke yi. Sai wani mai shagon atamfa ya aika wa ƙanwarsa shafin a Zandar, ta sami mijin maƙwabciyarta da aka yi shekaru ba a san inda ya kwanta ba. Daga nan labari ya bazu. Aka fara kiran Mushe daga garuruwan da bai taɓa zuwa ba. Masu shaguna da a da ba sa amsa sallamarsa da kyau suka koma ba shi kujera, suna zuba masa shayin farko. Duk inda ya zauna sai ya ce ai ba shi ba ne, ɗan nan mai gyaran waya ne ya ɗora abin a sama. Ni kuwa duk yabon da ya yi mini sai in ji kamar maki yake ba ni.

Sun gama layi na ƙarshe da mako biyu tsohon ya rasu. Mushe ne ya wanke shi, ya kuma shigar da sunansa.

Ba a daɗe ba ya sami aikin gini can gaba da In Amguel, inda babu rezo sai an hau tudu, shi ma ba kullum ba. Wata uku za su yi. Ranar da zai tafi ya biyo shago, ya ce wayarsa ta cika, ba ta ko karɓar saƙo. Na duba. Hotunan kaburbura ne suka cika ta, kowanne da sunan mai shi a ƙasa.

"Sai an share waɗannan," na ce.

Ya dubi hotunan. "Duk suna sama dai ko?"

"Duk suna sama."

"To share."

Na share, ya tsaya yana kallo. Ya ba ni dabino a leda ya tafi neman mota.

Gargaɗin farko ya zo bayan tafiyarsa da kamar wata guda. Da safe na gan shi ina shan shayi. Sun rubuta a fili cewa lokaci ya kusa, ga inda za a danna a sauke kwafin komai. Aikin minti biyar ne. Na ce sai gobe. Na biyu ya zo, na ce ai Mushe zai hau tudu ya kira ni wata rana, in ya kira sai in gaya masa. Bai kira ba. Na ukun ya ce saura kwana uku. A ranar na buɗe shafin da kaina na yi ta ja ƙasa. Na ga wani ɗan garinmu da muka hau mota ɗaya daga Arlit shekarar da na zo, wanda ya ba ni ruwansa a hanya lokacin da nawa ya ƙare. Ban ma san ya mutu ba. Layi na shida, na huɗu daga katanga, ko na biyar, yanzu ban tabbata ba. Na daɗe ina kallon hoton. Sai wata mata ta shigo da waya fasasshiya, na rufe shafin na karɓi aikinta. Kwana ukun suka wuce ina sane da kowannensu.

Mushe ya dawo ya ƙara baƙi, ya rame. Kwana biyu kafin dawowarsa wata tsohuwa ta iso daga wajen Matamaye tana nemansa. Ɗanta ya faɗo daga gini shekaru uku da suka wuce. Ta ga hoton kabarinsa a wayar wani malamin ƙauyensu, tun ranar ta ƙudura sai ta tsaya a kansa da ƙafarta. Ta biyo 'yan garinsu ta hanyar da kowa ya san wahalarta. Aka sauke ta a gidan wani ɗan kasuwa, da Mushe ya iso aka haɗa su. Ya buɗe waya don ya duba layin, bai ga komai ba. Ya ɗauka rezo ne, ya kawo ta shagona.

Na buɗe a babbar kwamfuta. Shafin ya fito fari tas, addu'ar tana nan a sama, wurin rubuta suna yana nan. Ya rubuta sunan yaron, babu. Ya rubuta na tsohon mai wankan gawa, babu. Ya rubuta wani, ya rubuta wani, da sauri har yana kuskuren haruffa. Mutane sun fara taruwa a ƙofa, maƙwabcina mai sayar da caja da wasu 'yan layin.

"Ɗana, ina suka tafi?"

Na yi kamar ina bincike, na danna nan na danna can. Sa'an nan na jingina da kujera na ɗaga murya yadda na waje za su ji.

"An share. Abin kyauta ne, ai ba ya dawwama. Ina kwafinka?"

"Wane kwafi?"

"Ba ka ajiye kwafi ba? Kai da ka koyar a lekkol? Yaro ma ya san ana ajiye kwafi."

"Amma ka ce duk suna sama."

"Suna sama a lokacin. Ni na ce maka za su tabbata? Sharuɗɗan suna nan a rubuce, kai ne mai karatu, ni aji uku ma da ƙyar na wuce."

Wani ya yi dariya a waje. Na juya wajensu na ce, "To dama wa ya ba mushe tsaron matattu?" Na ja kalmar yadda ake kiran dabbar da ta mutu ba yanka. Layin ya ɗauka gaba ɗaya, maƙwabcina har da dukan cinya. Mushe ya ci gaba da kallon farin shafin. Tsohuwar tana zaune a bakin ƙofa tana kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ba ta fahimci abin dariyar ba. Ta ce, "Malam, mu je dai ka nuna mini, ai kai ka ɗauki hoton."

Na rufe shago na bi su. Ban san me ya kai ni ba, wataƙila so nake in gani har ƙarshe. Rana ta take, maƙabartar ba inuwa, tudun ƙasa ne da baƙaƙen duwatsu iya ganinka. Mushe ya tafi gefen katanga ya fara ƙirga da yatsa, ya dawo ya sake farawa daga wani layin. Ya tambaye ta abin da ta tuna a hoton. Ta ce akwai baƙin dutse a wajen kai. Ya dubi filin, duk baƙaƙen duwatsu ne. Daga ƙarshe ya tsaya tsakanin kaburbura biyar ya ce yana jin a nan wajen ne.

"Wanne a ciki?"

"Inna, ban sani ba."

"Ka tuna mana."

"In na nuna miki ɗaya ƙarya zan yi."

Ta juyo ta fuskance shi. Sa'an nan ta ce da bai ɗora hoton har ta gani ba da tana gida zaune da haƙurinta, ta riga ta saba. Ta ce shi ya taso ta, ya sa ta kwana a bayan mota kamar buhu, ya kawo ta nan don ya nuna mata ƙasa. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi, sau uku, ba da ƙarfi ba. Ya sunkuyar da kai ya karɓa.

Sai na matsa na nuna na tsakiya. "Inna, wannan ne. Ni na ɗora hotunan, na tuna shi."

Ta durƙusa nan take ta dafa ƙasar da tafi biyu tana kiran ɗanta da sunan da take kiransa yana ƙarami. Da ta gama ta riƙe gefen rigata ta yi mini addu'a mai tsawo. Mushe yana tsaye a baya yana kallona. A hanyar dawowa ya rage tafiya har muka jera, ya ce a hankali, "Ba kai ka ɗora hotunan ba." Na ce ta dai sami abin da ta zo nema.

Bayan mako guda ya zo da azahar, layin ba kowa, duk an tafi salla. Bai cire takalmi ba. Ya ce akwai wani ɗan Najeriya a wurin aikinsu mai jin Ingilishi, ya kai masa shafin kamfanin ya karanta masa jan layin. Ya kuma gaya masa ba sa sharewa sai sun aiko da gargaɗi.

"Sun aiko?"

"Sau uku."

"Ka gani?"

"Na gani."

Ya nemi bango ya jingina. "Me na yi maka, ɗana?"

Shekara ashirin ina shirya wannan amsar, amma da ta fito gajeriya ce. Na faɗi sunan garin, na faɗi ajin, da ƙashin, da bencin 'yan mata, da abin da ya ce da Hausa. Ina magana ina kallon fuskarsa, ina jiran wurin da za ta canza. Ya runtse ido, da gaske yake nema, na ga yana nema. Ya buɗe.

"Yara da yawa na rataya wa ƙashin nan. Ban tuna ka ba. Wallahi da na tuna da na ce na tuna."

Wannan ya fi mini ciwo fiye da ranar kanta.

"Na yi, ban musa ba," ya ce. "Haka aka yi mana, haka muka yi, kuma ba hujja ba ce. Amma wata nawa ina zuwa shagon nan? Ga fuskata. Me ya hana ka mare ni a gaban mutane? Ni ne na yi maka. Su waɗancan me suka yi maka?"

Na ɗauki wata waya na fara kwance ta. Na ce, "Ka tambaya da Faransanci, sai in amsa maka."

Ya ɗago daga jikin bangon. Na ji numfashinsa. Sa'an nan ya fita.

Bai gaya wa kowa ba. Na yi kwanaki ina jiran a zo a tsare ni da magana, ba wanda ya zo. Ya gwada sake farawa shi kaɗai, ya tuno sunaye kamar talatin, amma wuraren sun cakuɗe masa, kuma ba ya yarda ya rubuta abin da bai tabbatar ba. Masu kira daga gida suka ci gaba da kira suna tambayar ina hoton ya tafi, wasu da zagi. Masu shaguna suka janye kujerar. Sunan da na ja a ƙofar shagona ya bi shi, har leburori 'yan uwansa suna kiransa da shi daga saman gini. Kafin sanyi ya shigo ya sayar da kwamfutar ya tafi Silet aikin lambu. Wani direba ya ce mini ya gan shi can yana ban ruwan tumatir, bayansa ya lanƙwashe, ba ya riƙe waya.

Da shekara ta zagayo manyan 'yan kasuwarmu suka kira ni. Suka ce tunanin dattijon nan mai kyau ne, rashin sani ne ya kashe shi, ya kamata wanda ya iya ya yi. Na ce ba komai. Tsarinsa yana nan a wurina tun ranar da na ɗora masa, na canza launi kawai na sa a injina, na kuma sa yana ajiye kwafi da kansa kowace rana. Waɗanda suka mutu daga lokacin zuwa yau duk suna ciki, ba a rasa ko ɗaya ba. Na da can kuwa babu mai tambayarsu yanzu. Ranar da aka buɗe shi, bayan sallar Juma'a, babban 'yan kasuwar ya miƙe a gaban jama'a ya ce Allah ya ƙaro mana matasa irina masu tuna 'yan uwansu. Aka ɗaga hannu, ni ma na ɗaga, aka shafa, na bi layi ina gaisawa da mutane.